Tarihin Ƙidayar Duniyoyi da Matsalar Sanya Suna a Hausa: Batun Fuluto da Ire-irenta

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda ƙidayar duniyoyin da ke kewaya rana ta yi ta sauyawa, tare da nuna abin da sauyin ya jawo wa masu tsara littattafan yaƙi da jahilci da na firamare cikin Hausa. A ranar 24 ga Agusta 2006 Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ta cire Fuluto daga jerin duniyoyi, ta sa ta cikin wani sabon rukuni. Duk malamin da ya yi karatunsa kafin wannan shekara, a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi yake koyarwa ko a Tibiri ko a Jiratawa, duniyoyi tara ya haddace, alhali kuwa yau takwas ne. Tun da kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar cikin 2025, buƙatar daidaitattun kalmomin kimiyya ta ƙara tsananta.

2.0 Abin da Hausa ta gada

Ga Bahaushe, duk abin da ke ƙyalli a sama da dare, in ban da wata, tauraro ne. Waɗanda yake da buƙata da su ya raɗa musu suna. Manoman kwarin Gulbin Maraɗi sun san Kaza da ƴaƴanta, wadda ke ɓacewa cikin bazara ta sake bayyana da asuba a farkon damina. Sun san Zara, wadda ake yi wa kirari da matar wata, sun kuma san Gamzaki mai fitowa kafin alfijir. Ilimin falaki ya tabbatar da cewa hasken nan mai ƙarfi na maraice da na asuba jiki ɗaya ne, wato duniyar da Larabawa ke kira Zuhura. A nan harshe ya ba abu guda suna biyu, domin lokacin ganinsa aka duba.

Hanya ta biyu ita ce ta malaman hisabi, waɗanda suka karɓi tsarin Larabawa. Su ne ke lissafa taurari 28 na shekara, kowane da kwana 13 in ban da guda mai 14, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa. Sun kuma ware bakwai masu tafiya a tsakanin sauran: Rana, Wata, Uɗaridu, Zuhura, Mirriku, Mushtari da Zuhalu. Wannan ilimi ya yi ƙarfi a ƙasar Katsina tun kafin jihadi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya yi rubutu a kan lissafi da taurari, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin yadda tsarin ya shiga rubutattun waƙoƙin Hausa a 1967. Maraɗi, wadda zuriyar sarakunan Katsina suka kafa bayan faɗuwar birninsu, tana cikin magadan wannan al'ada. Abin lura shi ne ma'aunin bakwai ɗin tafiya ce kawai, shi ya sa Rana da Wata suka shiga, ƙasar da ake takawa kuwa ba ta shiga ba.

3.0 Hawa da saukar ƙidaya

Bayan Kofanikus ya bayyana a 1543 cewa rana ce a tsakiya, ma'auni ya koma kewaya rana. Rana da Wata suka fita, duniyar bil'adama ta shiga, ƙidaya ta zama shida. William Herschel ya gano Yuranus a 1781, suka koma bakwai.

A ranar 1 ga Janairu 1801 Giuseppe Piazzi, a birnin Falarmo na tsibirin Sisili, ya hango wani jiki tsakanin falakin Mirriku da na Mushtari, aka sa masa suna Seres. Ba a jima ba aka samu Falas a 1802, Juno a 1804, da Besta a 1807, duka a yanki guda. Littattafan Turai na wancan zamani duniyoyi 11 suke koyarwa. Daga 1845 sai irin waɗannan jikuna suka yi ta bayyana, har suka kai 15 a 1851. Ganin haka masana suka daina lissafa su da duniyoyi, suka mai da su rukunin duwatsun falaki. Da Naftun, wadda aka gano a Barlin cikin 1846, ƙidaya ta tsaya a takwas. Ashe ke nan an taɓa sauke wata duniya daga matsayinta shekara 150 kafin Fuluto.

Clyde Tombaugh ne ya gano Fuluto a ranar 18 ga Fabrairu 1930, a ɗakin duban taurari na Lowell da ke Arizona ta Amurka. Da farko an zaci nauyinta ya kusa na duniyar bil'adama. Sai da aka gano watanta Sharon a 1978 aka iya auna ta sosai, aka tarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin 500 ba. Falakinta ma ya saɓa wa na sauran: ya karkace da kimanin digiri 17, kuma daga 1979 zuwa 1999 ta fi Naftun kusa da rana. A 1992 David Jewitt da Jane Luu suka gano wani jiki a bayan Naftun, wasu ɗaruruwa suka biyo baya. Daga nan aka gane cewa Fuluto ɗaya ce daga cikin tarin jikunan ƙanƙara, kamar yadda Seres take cikin tarin duwatsu. A 2005 Michael Brown da abokan aikinsa suka gano Eris, wadda ta fi Fuluto nauyi da kimanin kashi 27 cikin ɗari. Ya zama dole ko dai a kira ta duniya ta goma, a bar ƙofa buɗe ga masu zuwa, ko kuwa a kafa ma'auni.

4.0 Sharuɗɗan 2006

Taron ƙungiyar a birnin Firag ya kafa sharaɗi uku. Na ɗaya, jikin ya kasance yana kewaya rana. Na biyu, nauyinsa ya isa har ƙarfin jan da ke cikinsa ya dunƙule shi ya yi kusa da mulmulalle. Na uku, ya kasance ya share kewayen falakinsa, wato ya haɗiye ƙananan jikunan da ke hanyarsa, ko ya watsar da su, ko ya mallake tafiyarsu. Wanda ya cika ukun shi ne duniya. Wanda ya cika biyun farko ya kasa na uku, kuma ba watan wata duniya ba ne, shi ne ɗan sabon rukunin. An amince da Seres da Fuluto da Eris a 2006, aka ƙara Makemake da Haumeya a 2008.

Sharaɗi na uku shi ne ginshiƙi. Duniyar bil'adama ta fi dukan abin da ke tarayya da ita a falakinta nauyi fiye da sau miliyan. Seres kuwa kimanin sulusin nauyin tarin duwatsun da take ciki ne, Fuluto kuma ba ta kai ushirin nauyin maƙwabtanta ba. Hasali ma Naftun ce ke juya ta: duk sadda Naftun ta kewaya rana sau uku, Fuluto sau biyu take yi, kowane kewaye shekara 248.

Da waɗannan sharuɗɗa ake raba rukunin da sauran jikuna. Tauraro na ainihi, kamar rana, shi ke samar da haskensa, su kuwa aron hasken rana suke yi. Wata yana kewaya duniya ne, kome girmansa: faɗin watan da ake gani kilomita 3,474 ne, ya fi Fuluto mai 2,377 da Eris mai 2,326 da Seres mai kimanin 940. Ganimid, watan Mushtari, ya ma fi Uɗaridu faɗi. Duwatsun falaki da taurari masu wutsiya suna kewaya rana, amma nauyinsu bai isa ya mulmula su ba. Har yanzu akwai masu jayayya da sharaɗi na uku, irin su Alan Stern, jagoran aikin kumbon New Horizons da ya gifta Fuluto a ranar 14 ga Yuli 2015 ya nuno tsaunukan ƙanƙara da faffaɗan fili a kanta. Amma hukuncin 2006 shi ne littattafan makaranta ke bi.

5.0 Wane suna ya dace?

Faransanci ya ce planète naine, Larabci ya ce kaukab ƙazam, duka ma'anarsu duniya wada. A Hausa akwai hanya huɗu da ya kamata a auna. “Ƙaramin tauraro” bai dace ba, domin kalmar tauraro ta riga ta yi kaya da yawa, har kumbon sadarwa tauraron ɗan Adam ake ce masa. “Ƴar duniya” tana da wata ma'ana ta zargi da kowane Bahaushe ya sani, ba za ta zauna lafiya a aji ba. “Ƙaramar duniya” ta fi sauƙi a baki, sai dai tana sa mai koyo ya ɗauka girma ne ma'auni, ya kuma tambayi dalilin da ya sa Uɗaridu, ƙarama cikin takwas ɗin, ba ta shiga ba.

Saura “duniya-wada”, jam'i “duniyoyi-wadanni”. Ita ma tana nuni ga girma, amma tana da fa'ida biyu. Ta yi daidai da abin da ɗalibi zai tarar a Faransanci da Larabci in ya ci gaba da karatu. Sa'an nan in an rubuta ta da karan ɗori ta zama harɗaɗɗen suna mai cin gashin kansa. Hausa ta saba da wannan gini: namijin goro ba goro ba ne, gautan kura kuma ba gautan miya ba ne. Mai karatu zai iya karɓar cewa duniya-wada ba ta cikin duniyoyi takwas, ko da yake sunan yana jikinta.

Sharaɗi na uku kuwa ba ya buƙatar aron kalma. Manomin Jiratawa ko na Tibiri ya san sharar gona kafin faɗuwar damina, ya san bambancin wanda ya share gonarsa ya mallake ta da wanda ke tarayya da wasu a fili guda. “Sharar falaki” za ta isar da ma'anar ga babba da yaro.

6.0 Kammalawa

Ƙidayar ta tashi daga bakwai zuwa shida, ta hau 11, ta sauka takwas, ta koma tara, ta dawo takwas, kuma kowane sauyi ya biyo bayan sabon gani ne ko sabon ma'auni. Saboda haka ya kamata littattafan Hausa su fara koyar da sharuɗɗan uku kafin jerin sunaye. Ya kamata a riƙe Uɗaridu, Zuhura, Mirriku, Mushtari da Zuhalu, tun da malamai sun riga sun san su, a keɓe “tauraro” ga mai hasken kansa a cikin darasin kimiyya. Kafin a buga “duniya-wada” da “sharar falaki” a ƙamus, ya dace a gwada su a azuzuwan manya na unguwar Zariya da na ƙauyukan kewayen Maraɗi, a ji yadda masu koyo za su mai da bayanin da bakinsu.