BABI NA UKU: DAKATAR DA GUDUN JAMA'A NA PARKRUN A INGILA A LOKACIN ANNOBAR KORONA, 2020-2021

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi yadda annobar korona ta tsayar da wani gudun motsa jiki da jama'a suka saba yi duk ranar Asabar a ƙasar Ingila, wanda aka sani da suna parkrun. Za a fara da bayanin asalin gudun da yadda ake gudanar da shi, domin sai an fahimci tsarinsa ne za a gane dalilin da ya sa aka dakatar da shi cikin 'yan kwanaki, amma mayar da shi ya ci wata goma sha shida. Haka kuma za a kwatanta shi da manyan gasannin gudun fanfalaki da annobar ta shafa a wannan lokaci.

3.1 Asalin Gudun da Tsarinsa

An fara wannan gudu ne a ranar 2 ga Oktoba, 2004, a gandun shaƙatawa na Bushy Park da ke birnin Landan. Wanda ya ƙirƙiro shi, Paul Sinton-Hewitt, ɗan gudu ne da ya taso a Afirka ta Kudu, kuma a lokacin yana fama da rauni wanda ya hana shi gudu. Saboda haka sai ya tara abokansa ya riƙa auna musu lokaci. Mutum 13 ne suka yi gudun a ranar farko. Daga nan abin ya yi ta bunƙasa, ya cika Birtaniya, ya tsallaka zuwa wasu ƙasashe, ciki har da Afirka ta Kudu a shekarar 2011. Kafin shigowar shekarar 2020 ana yin sa a ƙasashe fiye da 20.

Tsarin gudun ba shi da wuyar ganewa. Nisansa kilomita 5 ne, kuma a Ingila ana farawa da ƙarfe 9 na safiyar Asabar. Ba a biyan ko sisin kwabo. Mutum yakan yi rajista sau ɗaya ne tak ta intanet, a ba shi wata lamba mai zanen layuka da na'ura ke karantawa, daga nan kuma duk inda ya ga dama a duniya zai iya zuwa ya yi gudu ba tare da ya sanar da kowa ba. Masu aikin sa kai ne ke gudanar da komai, tun daga auna lokaci har zuwa tsare kwanoni. A cikinsu akwai wanda aikinsa shi ne ya taka a bayan kowa, don kada a ce wani mahalarci ne ya zo na ƙarshe. Wannan ya sa tsofaffi da masu jinya da waɗanda ba sa iya gudu sai tafiya suka saki jiki da abin. A shekarar 2018 ma ƙungiyar likitocin iyali ta Birtaniya ta ƙulla yarjejeniya da parkrun, inda ɗakunan shan magani suka riƙa ba marasa lafiya shawarar su je su shiga. Akwai kuma na yara 'yan shekara 4 zuwa 14, mai nisan kilomita 2, wanda ake yi ranar Lahadi.

Abin lura a nan, wanda zai sake tasowa a gaba, shi ne ƙungiyar ba ta mallaki ko taki ɗaya na filayen da ake gudun ba. Filayen na ƙananan hukumomi ne da hukumomin gandun daji da makarantu da sauran masu ƙasa, kuma da izininsu ake shiga. An ga alamar wannan rauni tun a 2016, lokacin da majalisar yankin Stoke Gifford, kusa da Bristol, ta ce sai an biya ta kuɗin kula da fili. Ƙungiyar ta ƙi, gudun Little Stoke kuwa ya mutu ke nan.

3.2 Abin da Ya Taɓa Faruwa a Baya

Ba korona ce cutar bairos ta farko da ta hana gudu a Birtaniya ba. A shekarar 2001 cutar nan ta dabbobi mai kama baki da kofato ta ɓarke a ƙasar, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, aka kuma rufe hanyoyin ƙafa na karkara. Wannan ya tsayar da gasannin gudun tsaunuka da na cikin gonaki. Gasar duniya ta gudun ƙetare daji ta wannan shekara, wadda aka shirya yi a Dublin ta ƙasar Ailan, sai da aka mayar da ita Ostend ta ƙasar Beljiyam. Sai dai a wancan karo ba don lafiyar masu gudun aka yi ba. Tsoron da ake yi shi ne su kwashi ƙwayar cutar a takalmansu su kai wa shanu da tumaki. Gudun cikin gari bai tsaya ba, har ma an yi gudun fanfalaki na Landan a watan Afrilu na wannan shekara.

3.3 Watan Maris na 2020

Manyan gasanni ne suka fara jin jiki. A ranar 17 ga Fabrairu, 2020, masu shirya gudun fanfalaki na Tokyo suka sanar cewa ƙwararru kaɗai za su yi gudun ranar 1 ga Maris. Mutane kusan 38,000 da suka sami gurbi aka ce su zauna gida, kuma ba a mayar musu da kuɗin rajista ba. Gudun Landan, wanda aka sa ranar 26 ga Afrilu, aka ɗage shi zuwa Oktoba. Na Boston a Amurka, wanda ake yi tun 1897, da farko an ɗage shi zuwa Satumba, daga baya aka soke shi baki ɗaya.

A Ingila kuwa gwamnati ta yi jinkirin hana taruka. Ra'ayin masu ba ta shawara a farkon Maris shi ne hana manyan tarukan fili ba zai rage yaɗuwar cutar sosai ba. Don haka aka yi sukuwar dawaki ta Cheltenham daga 10 zuwa 13 ga Maris, wadda ta tara mutane kimanin 250,000 a cikin kwana huɗu. A ranar 11 ga Maris, wato ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, magoya bayan Atletico Madrid kimanin 3,000 suka zo Liverpool kallon ƙwallo, alhali cutar ta riga ta yi ƙamari a birninsu. A cikin wannan yanayi ne aka yi parkrun na ranar Asabar 14 ga Maris a Ingila, ko da yake ƙungiyar ta riga ta rufe nata na Italiya da Japan. Kashegari ma an yi gudun rabin fanfalaki na garin Bath, duk da sukar da ya sha.

Ranar Litinin 16 ga Maris Firayim Minista Boris Johnson ya shawarci jama'a su daina duk wata cuɗanya da ba ta zama dole ba. A cikin wannan mako ƙungiyar ta sanar da dakatar da gudun, kuma Asabar 21 ga Maris ta zo ba a yi shi ba. Dokar kulle ba ta zo ba sai ranar 23 ga Maris, wato ƙungiyar ta riga doka tsayawa.

Idan aka yi la'akari da abin da aka sani a lokacin, da wuya a ga laifin wannan mataki. Babu allurar rigakafi, gwaji bai wadata ba, kuma ba a tantance yadda cutar ke yaɗuwa a fili ba. Gudun kansa ba shi ne babban abin tsoro ba. Wuraren haɗarin su ne wajen farawa, inda ɗaruruwan mutane ke cunkushewa kafaɗa da kafaɗa suna sauraron bayani, da layin ƙarshe inda ake miƙa wa kowa ɗan katin matsayinsa hannu da hannu, da kuma shagon shayi da ake taruwa bayan an gama. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin masu aikin sa kai dattawa ne da suka yi ritaya, su ne kuwa cutar ta fi yi wa illa. Wani abin mamaki shi ne dokar kullen ba ta hana gudu ba. Ta yarda kowa ya fita motsa jiki sau ɗaya a rana, shi kaɗai ko da mutanen gidansa. Ashe ke nan abin da aka rasa shi ne haɗuwar, wadda ga mai zaman kaɗaici ita ce ta fi gudun muhimmanci.

3.4 Wahalar Komawa

A nan ne bambancin parkrun da manyan gasanni ya fito fili. Gudun fanfalaki sau ɗaya ake yin sa a shekara, an san sunan duk wanda zai zo, kuma ana iya rage yawansu ko a raba su rukuni-rukuni. Alal misali, a ranar 4 ga Oktoba, 2020, masu shirya gudun Landan sun killace ƙwararru suka yi ta zagaye gandun St James's Park ba 'yan kallo, sauran jama'a fiye da 37,000 kuma kowa ya yi nasa a inda yake, wayarsa tana auna masa nisa. Ita ma ƙungiyar parkrun ta fito da irin wannan dabara a watan Yuni na 2020, inda mutum zai yi kilomita 5 ɗinsa shi kaɗai ya aika da lokacinsa. Amma ainihin gudun Asabar ba ya karɓar ragi, domin asalin abin shi ne kowa ya zo ba tare da neman gurbi ba. Ranar da aka ce sai mutum ɗari na farko da suka yi rajista, to masu hanzarin waya ne za su kwashe guraben, waɗanda aka fi so su zo kuma su rasa.

A ƙasar New Zealand, wadda ta shawo kan cutar da wuri, an koma gudun tun watan Yuli na 2020. A Ingila an yi yunƙurin farko a watan Satumba, aka ce za a koma kafin ƙarshen Oktoba. Ba a je ko'ina ba masu kamuwa suka ƙaru, aka janye maganar, kuma ranar 5 ga Nuwamba aka sake kulle ƙasar.

Yunƙuri na biyu shi ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce. A jadawalin sassauta doka da gwamnati ta fitar a watan Fabrairu na 2021, an halatta wasannin fili masu tsari daga ranar 29 ga Maris. Gudun yara ya dawo ranar 11 ga Afrilu, aka kuma sa ranar 5 ga Yuni ga na manya. A wannan lokaci ilimi game da cutar ya ƙaru ƙwarai, an gane cewa ta fi yaɗuwa a cikin ɗakunan da iska ba ta ratsawa, kuma akasarin dattawa sun riga sun karɓi allura. Ƙungiyar ta sa wani farfesa na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya yi mata lissafi da kwamfuta, sakamakon ya nuna haɗarin kamuwa a wajen gudun kaɗan ne ƙwarai. Dole ne a tuna cewa mai buƙatar komawa ne ya sa aka yi binciken, amma abin da ya gano bai saɓa wa abin da sauran masana ke faɗa game da taron fili ba.

Duk da haka, doka ta yarda ba ta nufin mai fili ya yarda. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Sai da ƙungiyar ta koma neman izini daga masu filaye ɗaya bayan ɗaya, kuma ana saura mako biyu ranar ta cika waɗanda suka amince ba su kai rabi ba. Wasu ƙananan hukumomi sun ɗauki gudun a matsayin babban taro irin na biki, suka tura maganar ga kwamitocin tsaro, suka nemi takardu iri-iri. Ba za a ce ba su da hujja ba sam. Jami'in da ya sa hannu shi za a kama idan cutar ta ɓulla, alhali idan ya ƙi sa hannu babu wanda zai tuhume shi game da dattijon da ya shekara a ɗaki bai motsa ba. Illar taro ana iya ƙirga ta cikin mako biyu, illar rashin taro kuwa ba ta da ranar bayyana, saboda haka ma'aunin ya karkata gefe ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a buɗe wuraren da suka sami izini a bar sauran? Amsar tana cikin tsarin gudun. Tun da kowa na iya zuwa ko'ina, idan aka buɗe wuri ɗaya a gari aka bar huɗu a rufe, mutanen wurare biyar ne za su taru a fili ɗaya, a sami cunkoson da ake gudu tun farko. Don haka ƙungiyar ta dage cewa sai mafi yawan wuraren sun buɗe a rana ɗaya. Wannan ya sa ƙin amincewar wata hukuma a wani yanki ya zama cikas ga ƙasar baki ɗaya.

Maganar ta kai ga manya. Sebastian Coe, shugaban hukumar wasannin guje-guje ta duniya, ya fito ya goyi bayan komawar. Ministocin gwamnati biyu, Oliver Dowden mai kula da al'adu da wasanni da Robert Jenrick mai kula da ƙananan hukumomi, suka rubuta wa hukumomin takarda suna neman su ba da izini. An ɗage ranar zuwa 26 ga Yuni, kuma kafin nan mafi yawan masu filaye sun amince. Sai kuma wani sabon nau'in cutar mai suna Delta ya bazu, gwamnati ta ɗage ranar cire sauran dokoki daga 21 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli. Da yake izinin wasu filayen ya rataya ne a kan wannan mataki, dole ƙungiyar ta sake ɗagewa.

An koma gudun manya a Ingila ranar Asabar 24 ga Yuli, 2021, bayan Asabar 70 sun wuce a jere ba a yi ba. An taƙaita bayanin da ake yi kafin a fara domin rage tsayuwa a cunkushe, masu aikin sa kai kuma suka koma amfani da wayoyinsu wajen auna lokaci da karanta lambobi, maimakon na'urorin da a da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu. Yankunan Scotland da Wales, waɗanda ke da nasu dokokin lafiya, ba su bi sahu ba sai a watan Agusta.