Tseren Keken Ratsa Amurka da Aikin 'Yan Rakiya

Race Across America, ko RAAM a taƙaice, tseren keke ne na dogon zango da ake yi duk shekara a watan Yuni, daga gaɓar tekun Fasifik a yammacin Amurka zuwa gaɓar Atlantika a gabas, tafiyar kusan kilomita 4,800. An ɗauki shekaru da dama ana tashi daga garin Oceanside a jihar Kalifoniya, a ƙare a Annapolis ta jihar Maryland. A gasar Tour de France ta Faransa ana raba tafiya zango 21 cikin mako uku, kowa ya kwana a masauki. Shi kuwa RAAM zango ɗaya ne tal. Da zarar an tashi agogo ba ya tsayawa, don haka barci da cin abinci da kewayawa da gyaran faci duk cikin lokacin mahayi suke. Kwana 12 ake ba mai tsere shi kaɗai. Akwai kuma rukunin mutum biyu, huɗu ko takwas masu yin karɓa-karɓa.

Asali

John Marino ne ya shirya na farko a 1982, da sunan Great American Bike Race. Mutum huɗu suka shiga: shi Marino, da John Howard, da Michael Shermer, da Lon Haldeman. Sun tashi daga Santa Monica suka nufi birnin New York, Haldeman ya riga kowa isa cikin kwana 9 da awa 20 da minti 2.

Hanya da abin da take yi wa jiki

Tun a ranar farko hanya take gangarawa cikin hamadar kudancin Kalifoniya, ta wuce Arizona, inda zafin rana kan haura digiri 40. Daga nan sai duwatsun Kolorado, a haye mashigin Wolf Creek mai tsayin fiye da mita 3,300, inda iska take ƙaranci, sanyin dare kuma ya ratsa ƙashi. Filayen Kansas shimfiɗaɗɗu ne, amma iska da rashin canjin abin kallo suna cin rai. Tsaunukan Appalachia suna zuwa daf da ƙarshe, gajeru masu tsananin hawa, a lokacin da ƙafa ta riga ta mutu.

Jikin mahayi kan ƙona kalori 10,000 ko fiye a yini, abin da ciki ba ya iya mayarwa da abinci mai nauyi, shi ya sa da yawansu suke dogara da abinci na ruwa. Sirdi yana fasa fata, tafin ƙafa ya kumbura, yatsun hannu su sage saboda daɗewa a kan kan keke. Akwai kuma ciwon da ake kira wuyan Shermer, da sunan Michael Shermer wanda ya same shi a tseren 1983: naman wuya ya gaji har ya kasa ɗaukar kai, haɓa ta faɗo ƙirji, mutum ba ya ganin gabansa. 'Yan rakiya kan haɗa abin tokare haɓa ko ɗaure kai daga baya don a ci gaba da tafiya.

Mafi tsananin duka shi ne rashin barci. Na sahun gaba ba sa wuce awa ɗaya zuwa uku a kwana. Bayan 'yan kwanaki sai gane-gane da ruɗewa su fara. Shermer ya ba da labarin yadda, a wani dare a Nebraska, ya ɗauka 'yan rakiyarsa baƙin halittu ne daga wata duniya da suka zo sace shi. Jure Robič, sojan Sulobeniya da ya ci tseren sau biyar tsakanin 2004 da 2010, shi ma an san shi da irin wannan fita hayyaci a tsakiyar tafiya.

'Yan rakiya

Ana cewa mutum ya yi tseren shi kaɗai, amma dokar gasar ba ta yarda kowa ya shiga ba ayari ba. Yawanci mutum takwas zuwa goma sha biyu ne cikin mota biyu ko uku: shugaban ayari, direbobi, mai duba littafin hanya, bakanike, mai tausa, mai kula da abinci, sau da yawa har da likita ko ma'aikacin jinya. Suna aiki ne kashi-kashi, wasu na hanya wasu na barci.

Ba a rufe titi domin tseren. Mahayi yana tafiya ne cikin motocin jama'a, yana tsayawa a danja kamar kowa. Da dare wajibi ne mota ta bi shi a baya daf da daf, tana haska masa hanya tana kare shi daga masu tahowa. An hana shi fakewa a bayan mota ko bayan wani mahayi don kauce wa iska. Akwai tashoshin lokaci fiye da 50 a hanya, a kowace ayari ya sanar da hedikwata isowarsa. In direban rakiya ya karya doka, mahayi ake ci tarar lokaci.

Aikin da ya fi waɗannan nauyi ba a rubuce yake ba. Idan hankalin mahayi ya fara gushewa, ayari ne yake yin tunani a madadinsa. Su ke rubuta abin da ya ci da ruwan da ya sha awa-awa, su cusa masa ƙanƙara a riga a hamada, su yi ta jan shi da hira ta rediyo ko lasifika don kada gyangyaɗi ya kwashe shi. Su ne kuma masu yanke lokacin da zai kwanta da lokacin da za a tashe shi, ko da yana ƙi. Shugaban ayari na kirki shi ne wanda ya iya bambance gajiyar da lallashi ke wucewa da ita da wadda ta zama haɗari ga rai. Su ma 'yan rakiyar ba isasshen barci suke samu ba, ga ƙuncin mota, kuma saɓani a tsakaninsu ko kuskuren shan kwana ɗaya a hanya yakan ɓata shirin shekara guda. Haɗarin kuwa na gaske ne: Brett Malin ya rasu a 2003, Bob Breedlove a 2005, dukansu a karo da mota cikin tseren.

Gwanaye

Christoph Strasser na Ostiriya ya ci sau shida. A 2014 ya gama cikin kwana 7 da awa 15 da minti 56, wato kimanin kilomita 26 a awa har da lokacin barcinsa. Seana Hogan ta ci rukunin mata sau shida a shekarun 1990. A 2021, shekarar da zafi ya fitar da mafi yawan mahaya, Leah Goldstein ta Kanada ta zama mace ta farko da ta riga kowa isa a rukunin masu tsere su kaɗai, maza da mata, tana da shekara 52.

Akwai wani reshe na tseren dogon zango da ya haramta rakiya gaba ɗaya, irin su Transcontinental Race na Turai da Mike Hall ya kafa a 2013, da Trans Am Bike Race na Amurka da aka fara a 2014. A can mahayi shi ke ɗaukar kayansa, ya sayi abincinsa a shago, ya nemi wurin kwana, kuma dole ya ƙara yawan barci tunda ba mai tsaron lafiyarsa. Strasser ya koma wannan fage ya ci Transcontinental a 2022 da 2023.