Daga Kilobait 160 Zuwa Katangar Giga 4: Tarihin Tsarin FAT

Masu sana'ar tura finafinai a waya da masu ɗaukar bidiyon biki sun san wannan matsala. Ga filashi sabo fil mai giga 16, babu komai a cikinsa, amma da an zo zuba masa fayil guda mai giga 5 sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Wani ya ce filashin jabu ne, wani ya ce lalacewa ya yi. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Abin da ya tare hanya shi ne tsarin da ake ajiye lissafin fayiloli da shi, wato FAT32, wanda tushensa ke komawa shekarar 1977.

Ma'ajiyar kwamfuta tamkar sito ce da aka yanka ta ƙananan ɗakuna masu lamba. Mai sito yana da littafi inda yake rubuta cewa kayan wane suna ɗaki kaza, ragowarsu kuma suna ɗaki kaza. Wannan littafi shi ne FAT. Idan gurbin rubuta lamba a littafin ya yi kaɗan, komai girman siton, ɗakunan da ba su sami lamba ba sun tashi a banza. Duk tarihin iyakokin nan tarihin faɗin wannan gurbi ne.

Marc McDonald, ma'aikacin Microsoft a Amurka, shi ya fara tsara FAT a 1977. A 1980 Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya ɗauki dabarar ya sa a manhajarsa ta 86-DOS, ya ba kowace lamba bit 12. Microsoft ta sayi manhajar ta mayar da ita MS-DOS, kuma da ita kwamfutar IBM ta fito a 1981, tana aiki da faifan fulofi mai kilobait 160 kacal. Bit 12 ba ya ƙirga fiye da 4,096, amma ga irin wannan faifai ya isa har ya yi saura.

Ba a jima ba wuri ya ƙure. IBM ta fitar da kwamfuta mai babban faifai na megabait 10 a 1983, sannan mai megabait 20 a 1984, shekarar da FAT16, mai ba kowace lamba bit 16, ya zo tare da DOS 3.0. Sai dai wata katanga ta bayyana. Ana ƙirga yankunan faifai da bit 16, kowane yanki kuma bait 512 ne. In an ninka 65,536 da 512, megabait 32 ke nan daidai. Wanda ya sayi faifai mai megabait 40 dole ya raba shi gida biyu, C da D, kafin ya ci moriyar kuɗinsa. Kamfanin Compaq ne ya rushe wannan katanga a 1987 da DOS 3.31, daga baya aka matsar da iyaka har zuwa giga 2.

Wannan ci gaba ya zo da asara. Tunda adadin ɗakuna bai wuce dubu 65 da ɗoriya ba, hanyar cike babban faifai ita ce a ƙara wa kowane ɗaki girma. A faifai mai giga 2, ɗaki guda kilobait 32 ne. Wasiƙa mai kilobait 1 sai ta kama ɗakin gaba ɗaya, sauran 31 su zauna fanko. Mai ƙananan fayiloli da yawa sai ya ga faifansa ya cika tun bai zuba abin kirki ba.

Don magance haka Microsoft ta fitar da FAT32 a 1996, cikin wani sabon zubi na Windows 95. Ɗakuna suka ƙanƙance, faifai ya iya kaiwa tera 2. Amma gurbin da ake rubuta girman kowane fayil an bar shi a bit 32, kuma babbar lambar da zai iya ɗauka ita ce 4,294,967,295, wato giga 4 ba bait 1. A lokacin galibin kwamfutocin gida faifansu kacokan bai wuce giga 1 ko 2 ba, don haka babu wanda ya damu. A shekarar ce kuma faifan DVD mai giga 4.7 ya fara shiga kasuwa a Japan.

Akwai iyaka ta biyu da ba lissafi ne ya kawo ta ba. Shekara da shekaru Windows tana ƙin tsara ma'ajiyar da ta haura giga 32 da FAT32, alhali tsarin zai iya. Dave Plummer, tsohon injiniyan Microsoft, ya ba da labari cewa shi ya zaɓi wannan lamba, da niyyar a gyara daga baya. Sai a 2024 kamfanin ya fara ɗage ta zuwa tera 2 a zubin gwaji na Windows 11.

Magani ya daɗe da samuwa. Tsarin NTFS ya fito tun 1993, exFAT kuma a 2006, kuma dukansu suna ɗaukar fayil da ya ninka giga 4 sau dubbai. A 2009 ƙungiyar masu ƙera katin SD ta zaɓi exFAT ga duk memorin da ya haura giga 32. Shi ya sa mai son zuba babban fayil zai kwashe kayansa tukuna, ya sake tsara filashinsa da exFAT. Sai dai ya sani cewa tsohuwar talabijin ko rediyon mota na iya ƙin karanta shi.

A nan ƙarfin FAT32 yake. Yana da sauƙi, kuma kusan kowace na'ura ta san shi. NTFS yana da sarƙaƙiya, exFAT kuwa sai da lasisin Microsoft, har zuwa 2019 da ta buɗe bayanansa aka shigar da shi cikin manhajar Linux. Sauya tsarin da biliyoyin na'urori suka dogara da shi ya fi ƙirƙiro sabo wuya nesa ba kusa ba. Har gobe, sabuwar kwamfuta mai faifan tera 1 tana ware wani ɗan sashe mai tsarin FAT32, kuma daga nan take karanta umarnin farko duk lokacin da aka kunna ta.