Zamanin da Ake Wa Kwamfuta Magana da Huji

Kafin yatsa ya fara shafa fuskar waya, da kati mai huji ake ba kwamfuta umarni. Dabarar ma daga masaƙa ta fito: a farkon ƙarni na 19, Joseph Jacquard na birnin Liyon a Faransa ya sarrafa adon saƙa da irin wannan kati. Herman Hollerith ya ɗauke ta ya yi aikin ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, sannan a 1928 kamfanin IBM ya fito da katinsa mai layi 80.

Huda katin nan sana'a ce sukutum, kuma galibi mata ne suka riƙe ta, amma ba kasafai ake tuna su ba, abin da ni dai nake gani rashin adalci ne. Mai tsara manhaja kuwa sai ya miƙa tarin katinsa, ya koma ya zauna jira, wani lokaci har washegari. Harafi ɗaya ya kauce, aiki ya koma farko. Idan tarin ya zube ƙasa, sai dai salati.

Daga baya hanyar ba kwamfuta umarni ta sauya: ran 9 ga Disamba 1968 Douglas Engelbart ya nuna linzamin kwamfuta a San Faransisko. Yanzu kuma kamfanoni sun karkata ga murya, inda Hausa ke fama da ƙarancin sautin da za a horar da na'ura da shi.