Lyme Regis: Garin da ke ci daga gaɓar da ke cin sa

Lyme Regis ƙaramin gari ne na bakin teku a gundumar Dorset da ke kudu maso yammacin Ingila, dab da iyakar Devon. Mazaunansa ba su kai 4,000 ba. A shekarar 1284 Sarki Edward na Ɗaya ya ba shi takardar 'yancin gari, aka ƙara masa sunan Regis, wato na sarki.

Gaɓar wurin ba ta da lungun da jirgin ruwa zai fake, don haka tun ƙarni na 13 mutanen garin suka gina wata ganuwar dutse mai lanƙwasa a cikin teku, wadda ake kira Cobb. Guguwa ta sha rushe ta, kuma akasarin abin da ake gani a yau an sake gina shi ne bayan guguwar 1824. Manyan jiragen fatake sun daɗe da ƙaurace mata; kwale-kwalen masunta da na masu shaƙatawa ne suka rage.

Abin da ya fitar da sunan garin yana cikin tsaunukan da ke hagu da damarsa. Wanda ya tsaya a bakin ruwa zai ga duwatsun a jere, shimfiɗa kan shimfiɗa: dutsen farar ƙasa mai tauri, sai laka mai duhu da ta daskare, sai kuma farar ƙasa. Laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin wani tsohon teku kimanin shekaru miliyan 200 da suka shuɗe, a farkon zamanin da masana ke kira Jurasik. Halittun da suka mutu a tekun sun nutse cikin lakar, inda ƙarancin iska ya hana su ruɓewa da wuri, har ƙasusuwansu da ɓawonsu suka koma dutse. Mafi yawa su ne amonait, masu ɓawo a nannaɗe kamar ƙahon rago. A yammacin Cobb akwai wani falalen dutse da ke cike da su, ba ya bayyana sai teku ya janye.

A nan Mary Anning ta yi suna. An haife ta a 1799, 'yar wani kafinta ce da ya rasu ya bar iyalinsa da bashi, sayar da waɗannan duwatsu ga baƙi ne ya riƙe gidan. A 1811 yayanta Joseph ya gano ƙoƙon kan wata dabbar teku mai dogon baki, ita kuma ta tono sauran jikin a shekarar da ta biyo. A 1823 ta samo cikakken ƙwarangwal na wata mai dogon wuya, a 1828 kuma wani ɓangare na ƙwarangwal ɗin wata mai rarrafe da ke tashi sama. Malaman da suka sayi kayanta sun yi ta rubutu a kansu, sau da yawa ba tare da ambaton ta ba, kuma ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ba ta fara karɓar mata a matsayin mambobi ba sai a 1919, alhali ta rasu tun 1847. Sai a 2022 garin ya kafa mata mutum-mutumi, abin da ya zo a makare ƙwarai.

Sai dai abin da ke fito da wannan arziki shi ne ke barazana ga gidajen jama'a. A saman tsaunukan akwai dutsen yashi mai shan ruwa, a ƙarƙashinsa kuma yumɓu da ruwa ba ya ratsawa. Idan ruwan sama ya yawaita sai ya taru a tsakani, saman ya sulluɓe ya gangaro, teku ya kwashe. Zaftarewar Black Ven, tsakanin garin da ƙauyen Charmouth, tana cikin mafiya girma a Turai. A watan Mayun 2008 wani yanki mai tsawon kusan mita 400 ya rufto a gabashin garin, har ya tone tsohon juji. A 2014 aka kammala sabuwar katangar teku mai tsawon mita 390 a kan kuɗi fam miliyan 19.5, domin kare gidaje kusan 480 da hanyar shiga gari. Katangar ba ta wuce bakin gari ba. Tun 2001 hukumar UNESCO ta sanya gaɓar, mai tsawon kimanin kilomita 154 daga Exmouth zuwa Studland, cikin wuraren tarihi na duniya, kuma zaizayar ce ke ci gaba da bayyana abin da ke cikin duwatsun.

An rufe layin dogon garin tun 1965. Mai zuwa daga Landan zai hau jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ya sauka a Axminster, ya ƙarasa da bas. An yarda baƙo ya tsinci abin da ya faɗo a kan rairayi, amma ba a yarda ya haƙi jikin tsauni ba. Masu neman duwatsun sun fi son lokacin hunturu, bayan guguwa ta wanke gaɓa, wanda kuma shi ne lokacin da tsaunin ya fi zubowa. Ana fita ne sa'ad da teku ya fara janyewa, a yi nesa da gindin tsauni, a kuma dawo kafin ruwa ya ciko, domin a wasu wuraren cikar teku kan datse hanyar komawa gari gaba ɗaya.