Tarihin Sana'ar Ɗaukar Hoton Biki

Sana'ar ɗaukar hoton biki ta taso ne tana bin sawun kyamara, abin da na'urar ta iya shi mai hoto yake yi. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa. Hoton yakan fito ne a kan farantin tagulla mai rufin azurfa, ƙwaya ɗaya tak, ba a iya wanke na biyu daga jikinsa. Wanda za a ɗauka kuma sai ya kame ƙam, har akan tokare masa ƙeya da ƙarfe don kada kansa ya motsa. A Janairun 1858, ranar auren babbar 'yar Sarauniya Victoria ta Ingila, an ɗauki amarya tare da iyayenta kafin a fita, amma sarauniyar ta fito dishi-dishi saboda jikinta na rawa. In haka ta faru a fada, ina ga taron da ake kai da kawowa? Shi ya sa aka daɗe ango da amarya ne ke zuwa shagon mai hoto, wani lokaci bayan an watse, su sake saka kayan biki a ɗauke su hoto guda.

Ƙanƙancewar kyamara ce ta fito da mai hoto daga shago. George Eastman ya fitar da Kodak mai fim na naɗi a Amurka a 1888, Leica ta shigo kasuwa a Jamus a 1925, sai kuma ƙwan filasha wajen 1930, wanda ya sa ɗaukar hoto a cikin ɗaki ko da dare ya yi sauƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aure ya yawaita a Turai da Amurka, masu hoto suka riƙa tsayuwa a bakin coci ko ba a gayyace su ba, su ɗauka, su nemi mai saye daga baya. A wannan zamani albam ɗin biki ya ƙara yaɗuwa.

Fim ya koya wa masu sana'ar tsimi da natsuwa. Naɗi ɗaya sau da yawa hoto 24 ne ko 36, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. Dole mai hoto ya san tun kafin ranar waɗanne hotuna ne ba za a yafe masa ba in ya rasa su, ya leƙa wurin taro ya ga inda haske ke faɗowa, ya taho da kyamara ta biyu. Har yau wannan ne darasin farko da ake ba ɗan koyo, domin biki ba ya maimaituwa.

A Afirka ta Yamma, Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Bayansa Malick Sidibé ya yi suna wajen bin bukukuwan aure da na suna da wuraren rawa da dare, ya kwana yana wanke fim, ya liƙa ƙananan hotuna a jikin kwali don mutane su zo su zaɓa. Irin wannan ciniki sananne ne a garuruwan Hausa, inda mai hoto kan dawo da hotuna a ambulan tun taro bai watse ba, kowa ya nemo nasa ya biya.

Bikin Hausawa ya zo wa sana'ar da nasa sharuɗɗan. Ɗaurin aure taron maza ne a masallaci ko ƙofar gida, kuma cikin 'yan mintoci ake gamawa. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, maroƙi ya sanar. Mai hoton da ya tsaya gyaran kyamara sai dai ya tarar ana rabon goro. Yawancin shagalin kuwa a hannun mata yake: kamu, sa lalle, yinin biki, kai amarya, buɗar kai. Gidaje da yawa ba sa barin baƙon namiji ya wuce zaure, abin da ya buɗa wa mata hanyar shiga sana'ar. Amarya ma takan kasance a lulluɓe, tana sunkuyar da kai, don haka gwanin mai hoto yakan nemi hannayenta da suka sha lalle, ko tsohuwar da ta riƙo ta tana mata nasiha a kunne. Irin waɗannan hotuna sun fi na jeruwa a layi daɗewa a zuciyar dangi.

Kyamarar bidiyo ta shigo bukukuwa da kaset, aka koma faifan CD, sannan kyamarar dijital da wayar hannu suka kawar da fim. Aka fara buga hoton ango da amarya a kalanda da littafin rubutu ana rabawa. Hotunan kafin aure ma sun yaɗu a birane irin su Kano da Kaduna, malamai da dama kuma suna sukar su, tunda ba a ɗaura ba tukuna. Yanzu ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna a biki ɗaya, kaɗan ake wankewa, sauran suna zaune a waya ko katin ajiya, waɗanda kan ɓace ko su lalace. Saboda haka masu sana'ar da suka san aikinsu ba sa kwanciya ranar biki sai sun kwafe hotunan a wuri biyu.