Tarihin Bututun Roba a Magudanar Matsarmama

Hanta tana tsattsafo da ruwan matsarmama kimanin rabin lita zuwa lita guda a kowace rana, ya bi ta wata siririyar magudana ya zuba a bakin ƙaramin hanji. In tsakuwa ko ƙari ya toshe wannan magudana, sai ruwan ya koma cikin jini: idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ƙaiƙayi ya hana barci. Wannan ita ce shawara irin ta toshewa, wadda jiƙo ba ya yi mata komai, domin matsalarta ta hanya ce.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai suka san maganin, watau a yanka ciki a haɗa matsarmama da hanji. Amma da yawa daga masu wannan cuta tsofaffi ne da sankarar fankiriyas ta riga ta cinye, ba su iya jure wuƙa. Sai aka koma huda fata, a soka bututu cikin hanta, ruwan ya riƙa zuba a jaka da ke rataye a kwiɓi. Mutum ya samu sauƙi, amma yana yawo da jaka.

Hanya ta uku ta biyo ta baki. A 1968 William McCune a Amurka ya zura na'urar leƙen ciki har ya kai bakin magudanar. Sa'an nan wajen 1979 Nib Soehendra, haifaffen Indunusiya mai aiki a Hambug ta Jamus, ya cusa ɗan bututun roba ya ratsa toshiyar, ya bar shi a ciki. Faɗinsa bai kai milimita 3 ba, amma ya isa ya kawar da jakar. A Amsadam Kees Huibregtse ya ƙara masa faɗi. Aibinsa kuwa bai ɓuya ba: ƙwayoyin cuta da dauɗar matsarmama sukan like shi cikin kamar wata uku, dole a sake wani. Saboda haka da bututun ragar ƙarfe mai buɗe kansa ya fito a ƙarshen shekarun 1980, da yawa suka ɗauka kwanan roba ya ƙare.

Sai dai akwai marasa lafiyan da ba a iya kai wa bakin magudanarsu sam, ko don ƙari ya danne hanjin, ko don wata tsohuwar tiyata ta sauya fasalin ciki. Domin irinsu ne Marc Giovannini na Marsai a Faransa ya yi abin da ya yi a 2001. Ya yi amfani da na'urar leƙen ciki mai ɗauke da kan sikanin a bakinta, ya hango magudanar ta bayan bangon hanji, ya huda da allura, ya buɗe sabuwar ƙofa inda da babu. Abin lura shi ne, da bututun roba ya tokare ƙofar. A 2003 aka yi irin wannan daga tumbi zuwa ɓangaren hagu na hanta.

A nan roba ta nuna wani aibin kuma. Tun da ba ta kumbura ta cika hudar, ruwan matsarmama yakan sulale ta gefenta ya zuba cikin kogon ciki, kuma wannan haɗari ne babba. Ƙarfe mai rufi ya fi ta toshe wannan kafa, shi ya sa ya mamaye aikin. Amma shi ma yakan zame, yakan danne ƙananan rassan magudana, ga kuma tsada mai tsanani. Asibitin da ke lissafin kowane kwabo ba zai raina wannan batu ba. Don haka likitocin Japan suka waiwayi roba. A 2015 Takao Itoi da abokan aikinsa a Tokiyo suka ba da rahoton bututun roba da aka ƙera musamman domin hanyar tumbi zuwa hanta, mai lanƙwasa a ƙarshe ɗaya da ƙananan fikafikai masu riƙe shi. Yana toshewa kamar na Soehendra, amma in hudar ta warke ta zama tabbatacciyar hanya, ana zare shi a sa sabo ta wannan ƙofar.